Tsakanin Mai Haɗama da Rago: Nasiha ga Masu Yanka Adireshin Intanet

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, maza da mata, akwai alamomi biyu da za ku riƙa cin karo da su tun ranar da kuka fara taɓa rejeks, wato ɗan tsarin alamomin nan da ake ba kwamfuta don ta nemo rubutu mai wata siffa a cikin wani rubutu. Su ne ɗigo da tauraro: `.*`. Ɗigon yana nufin kowane harafi. Tauraron yana nufin a maimaita abin da ya gabace shi ko sau nawa ne, ko da babu ko ɗaya. In an haɗa su sai su zama "kome da kome". Ba su da wuyar rubutawa, kuma sukan yi aiki a gwajin farko, shi ya sa hannu yake saurin kai musu. A kansu nake so mu zauna, musamman wajen yanka adireshin intanet, domin a can ne ɓarnarsu ta fi yawa, ta kuma fi ɓuya.

A ce an ba ku shafi, an ce ku tsamo duk adireshin da ke cikinsa. A layi ɗaya akwai wannan:

`<a href="https://example.com/gida">Gida</a> <a href="https://example.com/labarai">Labarai</a>`

Sai kuka rubuta `href="(.*)"`, nufinku a ba ku abin da ke tsakanin alamar buɗe zance da ta rufewa. Kuna jiran adireshi biyu. Abin da zai dawo muku guda ɗaya ne, dogo, wanda ya taso daga farkon adireshin farko, ya haɗiye kalmar Gida, ya haɗiye alamomin da ke tsakani, bai tsaya ba sai ƙarshen adireshi na biyu. Kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba, ba za ta nuna jan rubutu ba. A wurinta ta cika umarni.

Ya kamata ku san abin da ya faru a ciki, don wanda ya gane shi sau ɗaya ba ya sake buƙatar haddar dokoki. Injin rejeks ya samu `href="` a farkon layi. Da ya iso kan `.*` sai ya kwashi duk abin da ke gabansa har ƙarshen layin, bai ko dubi abin da ake nema bayansa ba. Sai da ya kai bango sannan ya waiwayi sauran umarnin, ya ga ana buƙatar alamar rufe zance. Babu saura a gabansa, don haka ya fara mayar da abin da ya ci, harafi ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe yana yowa baya, yana tambaya a kowane mataki ko ga alamar nan. Wadda ya fara tararwa a wannan tafiya ta baya ita ce ta ƙarshe a layin, nan ya tsaya. Wannan hali shi ake kira haɗama, mayar da abin da aka ci kuma shi ne ja da baya. Ku riƙe ja da bayan nan da kyau, za mu sake haɗuwa da shi a wuri mafi muni.

Abin da ya sa kuskuren yake tsallake gwaji shi ne yawancinmu da adireshi ɗaya muke gwadawa. In adireshi ɗaya ne a layi, alamar rufewa ta farko ita ce ta ƙarshe, haɗama ba ta da inda za ta nuna kanta. Sai manhaja ta fita hannu, ta gamu da shafin da aka matse duk rubutunsa a layi guda, sannan asiri ya tonu.

Tauraron ya girmi intanet. Masanin lissafi Stephen Kleene na Amurka ne ya kawo shi a aikin da ya rubuta a 1951, aka buga a 1956, har yau kuma da sunansa ake kiran alamar. A lissafin Kleene babu zancen haɗama. Tambaya ɗaya ce kawai: wannan rubutu ya dace da wannan siffa ko bai dace ba? Sai da Ken Thompson ya shigar da rejeks cikin manhajar gyara rubutu a ƙarshen shekarun 1960, daga baya aka samu `grep` a tsarin Unix, sannan wata tambaya ta taso. In hanyoyin dacewa sun fi ɗaya, wanne yanki za a ɗauka? Aka zaɓi mafi tsawo. A haka aka zauna shekaru, har Perl 5 ta fito a 1994 da wata dabara: a sa ayar tambaya bayan tauraro, `.*?`, sai halinsa ya juye. Daga Perl dabarar ta bazu zuwa Python da Java da JavaScript da PHP, da kuma PCRE wadda Philip Hazel ya rubuta a Jami'ar Kambirij a 1997. Tsofaffin kayan aikin ba su bi ba. In kun rubuta `.*?` a cikin `sed` na GNU ba zai daina haɗama ba, `grep` ma sai kun ƙara masa `-P`.

Wannan sabon tauraro shi ne rago. Yana farawa da ɗaukar babu, ya leƙa ko sauran umarnin zai dace. In bai dace ba ya ƙara harafi ɗaya, ya sake leƙawa. Da `href="(.*?)"` za ku samu adireshinku biyu cif, kowanne a ware. A nan ne matasa da yawa suke ɗaukar darasin da ba shi ne ba. Sukan ce ashe maganin haɗama ayar tambaya ce, daga nan duk inda suka ga tauraro sai su liƙa masa ita. Wannan fahimta ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin tana da haɗari fiye da kuskuren farko. Mai haɗama in ya yi ɓarna ana gani, abin da ya kwaso yana da tsawo. Rago yakan yi daidai sau tara, ya yi kuskure a na goma, a lokacin da kowa ya riga ya yarda da shi.

Ku duba. Yanzu ba duk adireshi kuke so ba, sai na takardun PDF kawai. Kuka rubuta `href="(.*?\.pdf)"`. A layin akwai adireshi biyu, na farko shafi ne na yau da kullum, na biyun ne takardar. Injin ya samu `href="` na farko, ya fara ƙara harafi ɗaya ɗaya yana neman `.pdf"`. Ya kai alamar rufe zance ta adireshin farko bai samu ba. Zai tsaya? Ba zai tsaya ba, domin ɗigo ya halatta masa kowane harafi, har da alamar zancen. Haka zai tsallake ta, ya bi ta kan rubutun da ke tsakani, ya shiga adireshi na biyu, ya samu `.pdf"` a can. Sakamakon shi ne tarkacen nan dai da mai haɗama ya kawo muku ɗazu. Rago bai yi alkawarin kawo mafi gajarta a duk layin ba. Alkawarinsa shi ne daga inda ya fara zai tsaya a wuri na farko da sauran umarni ya dace, kome nisan wurin. Inda zai fara kuwa ba ya canzawa, kullum daga hagu ne, daga wuri na farko da dacewa za ta yiwu.

Akwai abin da ke ƙarƙashin wannan da nake so ya zauna muku. Sauya mai haɗama da rago ba ya sauya ko za a samu dacewa ko ba za a samu ba. Abin da yake sauyawa shi ne tsarin gwaji: wannan daga mai yawa yake farawa yana ragewa, wancan daga kaɗan yana ƙarawa. Duk inda ɗaya zai iya kaiwa, ɗayan ma zai iya. Kamar ku ɗauki 'yan ƙwadago biyu ne ku kai su gona ba ku nuna musu iyaka ba. Ɗaya zai nome har gonar maƙwabci, ɗayan zai riƙa tsayawa yana tambaya, amma in ba a ce masa ya isa ba shi ma can zai ƙare. Laifin na wanda bai nuna iyaka ba ne.

Nuna iyaka a rejeks shi ne a faɗi harafin da ba a yarda a tsallaka ba. Maimakon ɗigo sai a rubuta `[^"]`, wato kowane harafi ban da alamar zance. Da `href="([^"]*\.pdf)"` injin zai fara a adireshin farko, ya iso alamar rufewa, ya ga ba shi da izinin wucewa, ya haƙura da wannan wurin, ya matsa zuwa adireshi na biyu, ya kawo shi shi kaɗai. Ku lura tauraron nan mai haɗama ne, ba a sa masa ayar tambaya ba. Haɗamarsa ba ta cutar da kowa domin an killace ta.

Haka abin yake in sunan saba, wato kwamfutar da shafin yake a kanta, kuke son cirewa daga adireshi. Da `https?://(.*)/` a kan `https://example.com/labarai/2024/kano` za ku samu `example.com/labarai/2024`. Rago zai gyara wannan, ya ba ku `example.com`. To amma ku ba shi `https://example.com?koma=/gida`, sai ya kawo `example.com?koma=`. Ku ba shi jimlar da aka rubuta `https://example.com da https://example.org/x`, inda adireshin farko ba shi da sanda, wato `/`, a ƙarshe, sai ya ce muku sunan sabar shi ne `example.com da https:`. In kuma kuka cire sandar daga umarnin don ku kauce wa wannan, kuka bar `(.*?)` a ƙarshe ba kome bayansa, zai kawo muku babu, tunda babu ma ta cika sharaɗi.

Waɗanda suka tsara adireshin intanet sun riga sun yi wannan tunani. Takardar ƙa'ida mai lamba RFC 3986, wadda Tim Berners-Lee da Roy Fielding da Larry Masinter suka fitar a Janairun 2005, tana da rataye a ƙarshenta da ke ɗauke da rejeks na yanka adireshi gida biyar. Ga shi:

`^(([^:/?#]+):)?(//([^/?#]*))?([^?#]*)(\?([^#]*))?(#(.*))?`

Kada tsawonsa ya tsorata ku, ku karanta shi a hankali kamar jimla. Kashin farko, irin su `https`, shi ne duk abin da ba ruwa biyu ba, ba sanda ba, ba ayar tambaya ba, ba alamar `#` ba, har a kai ruwa biyu. Bayan sanduna biyu sai ɓangaren saba, wanda yake ƙarewa da zarar an ga sanda ko ayar tambaya ko `#`. Sai hanya, wadda ayar tambaya ko `#` ke yankewa. Sai tambaya, wadda `#` kaɗai ke yankewa. Ku ƙirga rago nawa ne a ciki. Babu ko ɗaya. Ku ƙirga `.*` nawa ne. Guda ɗaya, a can ƙarshe, bayan `#`, inda da gaske duk abin da ya saura ake so. Kowane yanki an faɗa masa abin da zai tsayar da shi. A ganina wannan layi ɗaya ya fi darussa da yawa koyar da rejeks, kuma ina so kowannenku ya zauna da shi da biro da takarda, ya bi adireshi uku ko huɗu ta cikinsa da hannu.

Kada kuma ku ɗauka haɗama aibi ce a ko'ina. In sunan fayil kuke nema, wato abin da ke bayan sanda ta ƙarshe a hanya, mai haɗama ne zai kai ku can kai tsaye, tunda aikinsa ke nan, nemo na ƙarshe. Tambayar da za ku yi wa kanku kafin ku zaɓa ita ce, alamar farko nake nema ko ta ƙarshe, kuma a cikin wane yanki?

Wannan tambaya tana da nauyi fiye da yadda take a ido, domin a nan ne maganar take barin gyaran manhaja ta shiga tsaron mutane. Dukanmu mun san saƙonnin da ke yawo a WhatsApp, ana cewa gwamnati na raba tallafi, ko banki na so a sabunta bayanai, a latsa nan. Wata rana ɗayanku za a ba aikin rubuta abin da zai tace irin waɗannan adireshi, ko ya tabbatar cewa bayan mutum ya shiga asusunsa ba a tura shi wani shafin waje ba. A ce kun rubuta `^https://.*\.gov\.ng` don ku gane shafukan gwamnatin Najeriya. Adireshin `https://mugu.example/tallafi.gov.ng` zai wuce, saboda ɗigo ya tsallaka sanda ya shiga hanya. `https://tallafi.gov.ng.mugu.example` ma zai wuce, saboda ba ku ce dole sunan ya ƙare a nan ba. Ku sa ayar tambaya bayan tauraron, duka biyun za su sake wucewa. Mai damfara ba ya buƙatar fasa kome, adireshin da umarninku ya yarda da shi kawai zai rubuta.

Sai alamar `@`. Ƙa'ida ta yarda a sa sunan mai shiga kafin sunan saba, a raba su da ita. Saboda haka `https://banki.example@mugu.example/` ba shafin banki ba ne, burauza `mugu.example` za ta. Wanda ya san haka sai ya ce to bari in ɗauki abin da ke bayan `@`. In ya yi da haɗama, `//.*@(.*)`, sai a ba shi `https://mugu.example/?x=@banki.example`, ya tsallake sabar gaskiya ya kamo sunan banki daga cikin tambaya. In ya yi da rago ya tsaya a `@` ta farko, sai a ba shi `https://a@banki.example@mugu.example/`, ya ga banki, alhali burauza `@` ta ƙarshe take bi. Ta kowace fuska an kama shi. Daidai shi ne a fara yanke ɓangaren saba da `[^/?#]*`, sannan a cikin wannan yankin kaɗai a nemi `@` ta ƙarshe. Haɗama ce, amma a cikin shinge.

Ko wannan ma bai ƙare magana ba. Burauzoji ba RFC 3986 suke bi kalma da kalma ba, ƙa'idar ƙungiyar WHATWG suke bi, wadda ta ce a adireshin `http` da `https` sanda mai kwanciya baya, `\`, daidai take da `/`. Don haka a `https://mugu.example\@banki.example` rejeks ɗin RFC zai ga ɓangaren saba guda ɗaya mai ƙarewa da sunan banki, burauza kuwa za ta yanke a sandar, ta nufi `mugu.example`. A taron Black Hat na 2017 wani mai binciken tsaro ɗan Taiwan da aka sani da Orange Tsai ya nuna yadda irin wannan saɓani yake har tsakanin manyan ɗakunan karatu na harsunan manhaja: wanda ke tantance adireshi ya fahimce shi wata hanya, wanda ke buɗe shi ya fahimce shi wata, maharin ya bi ta tsakaninsu. In waɗanda suka shekara suna wannan aiki sun sha wuya a kansa, layi ɗaya da aka rubuta da daddare ba zai tsira ba.

Saboda haka shawarata a nan ba ta da kwana. In hukunci zai rataya a kan adireshi, a bari ko a hana, a tura mutum ko kada a tura, kada ku yanka shi da rejeks. A JavaScript akwai `new URL(adireshi).hostname`. A Python akwai `urlsplit` cikin `urllib.parse`. Go na da `net/url`, PHP na da `parse_url`. Ku karɓi sunan saba daga wurinsu, sannan ku gwada shi da abu mai sauƙi: ko daidai yake da sunan da kuka yarda da shi, ko ya ƙare da ɗigo haɗe da sunan. In da hali, abin da ya tantance adireshin ya zama shi ne zai buɗe shi, don kada a samu fahimta biyu. Tsamo adireshi daga shafi ma haka, Beautiful Soup ko `DOMParser` sun san cewa `href` na iya zuwa da alamar zance guda ko biyu ko babu, sun kuma san `&amp;` na nufin `&`. Wasu na ganin amfani da abin da wani ya rubuta gazawa ce. Ni ban ga haka ba, sanin inda kayan aiki ya tsaya yana cikin gwaninta.

Mu da muke aiki da rubutun Hausa muna da namu ƙarin tarko. Mutum yakan rubuta `href=["'](.*?)["']` don ya kama alamar zance iri biyu. Sai ga adireshin maƙalar da takenta ya ƙunshi 'yan ko 'ya'ya, kuma ƙa'ida ta halatta wannan alama a cikin adireshi. Rago zai tsaya a kanta, ya ba ku rabin adireshi. Haruffanmu masu lanƙwasa kuma fuska biyu suke zuwa da ita. Wani lokaci ƙ tana nan yadda take, wani lokaci ta koma `%C6%99`, ɗ ta koma `%C9%97`, ɓ ta koma `%C9%93`. Wanda ya dogara da `\w` ya sani cewa a JavaScript haruffan Ingilishi da lambobi da karan ƙasa kawai take ganewa, ba ta san ƙ ba, a Python 3 kuwa ta san ta. Umarni ɗaya, sakamako biyu. Duk mai tattara rubutu daga Wikipedia ta Hausa ko jaridunmu zai haɗu da wannan tun a shafukan farko. Haka nan mai cewa sunan shafi shi ne gaɓoɓi biyu na ƙarshe: a `buk.edu.ng` zai samu `edu.ng`, ya haɗa Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello a buhu ɗaya. Ba tauraron da zai warware wannan, sai jerin ƙarshen sunayen shafuka da Mozilla ta fara tattarawa.

Na ce za mu sake haɗuwa da ja da baya. Ranar 2 ga Yulin 2019 kamfanin Cloudflare, wanda ɗimbin shafukan duniya ke bi ta cikinsa, ya saka sabuwar doka a katangarsa ta tsaro don kama wani nau'in hari. A cikin dokar akwai yankin da in an tace shi ya zama `.*.*=.*`. Taurari biyu masu haɗama a jere, kowanne na iya ɗaukar abin da ɗayan zai ɗauka, don haka duk lokacin da aka ja da baya sai injin ya gwada kowace hanyar raba rubutun tsakaninsu. Injinan kamfanin a faɗin duniya suka cika maƙil da wannan lissafi, shafuka suka daina buɗewa na minti 27. A bayanin da John Graham-Cumming ya rubuta bayan haka ya ƙirga matakan: ɗan rubutu `x=x` yana cin mataki 23, in aka sa `x` ashirin bayan alamar daidai ya zama 555. Ya kuma gwada abin da yawancinmu za mu fara gwadawa, wato mayar da taurarin raggwaye. Inda akwai dacewa hakan ya rage aiki. Amma da aka ƙara alama ɗaya a ƙarshen umarnin yadda dacewa ba za ta samu ba, mataki 5,353 aka ci, da haɗama da ragwanci duk ɗaya. Dalilin shi ne wanda na faɗa a baya: in za a ƙare da "babu", sai an gwada dukan hanyoyi, ta gaba aka fara ko ta baya.

Shekara uku kafin wannan, ranar 20 ga Yulin 2016, Stack Overflow ya tsaya na minti 34 saboda rejeks ɗin da ke share sarari a ƙarshen rubutu. Wani rubutu ya zo da sarari wajen 20,000 a jere, da wani harafi a bayansu. Daga kowane sarari injin yakan ruga har ƙarshen jerin, ya tarar ba ƙarshen rubutu ba ne, ya dawo ya fara daga na gaba. Jimillar ta kusa gwaji miliyan 200. Ku tuna adireshi abu ne da baƙo yake rubutawa ya aiko muku, shi yake zaɓar tsawonsa da abin da ke ciki. In umarninku yana da wannan rauni, mutum ɗaya da waya ɗaya zai iya durƙusar da sabarku.

Killace tauraro yana rage wannan sosai, domin `[^/?#]*` in sanda ce ke biye da shi wuri ɗaya tak yake da shi na tsayawa. Inda yankuna biyu maƙwabta za su iya cin harafi iri ɗaya, nan ne za ku tsaya ku sake tunani. Wasu harsunan suna da tauraro na uku, `*+`, wanda in ya ci ba ya mayarwa. Java da PCRE sun daɗe da shi, Python ta samu a sigar 3.11 a 2022. Akwai kuma injinan da ba sa ja da baya sam, irin RE2 da Russ Cox ya rubuta a Google aka sake shi a 2010, bisa hanyar da Thompson ya bayyana tun 1968. Rejeks na harshen Go da na Rust a kan wannan tafarki suke: lokacin aikinsu yana ƙaruwa ne daidai da tsawon rubutu, sai dai sun bar wasu dabaru, kamar komawa ga abin da aka kama a baya. Cloudflare ma irin waɗannan injina ta ce za ta koma bayan abin da ya same ta.

Na san da yawanku ba ku rubuta rejeks daga farko, kwafowa kuke yi, ko ku tambayi manhajar basira ta rubuta muku. Ban hana ba. Abin da nake roƙo shi ne kada ku saka layin da ba za ku iya karanta shi da Hausa ga na kusa da ku ba, yanki yanki, kuna faɗin inda kowanne ya fara da abin da zai tsayar da shi. In kun iso kan `.*` ko `.*?` kuka kasa faɗin abin da zai tsayar da shi, ba ku gama ba. Sannan ku gwada shi da abin da ba ku so ya kama, ba abin da kuke so kaɗai ba: adireshi biyu a layi ɗaya, adireshi marar sanda a ƙarshe, mai `@`, mai wani adireshin a cikin tambayarsa, mai ƙ da ɗ, da dogon rubutun da ya kusa dacewa amma bai dace ba. Shafin regex101 yana nuna yawan matakan da injin ya taka. Ku ninka tsawon rubutun gwajin, ku ga ko matakan ninki biyu suka yi ko huɗu.

Inda rejeks yake da gurbinsa na gaskiya shi ne farauto adireshi daga cikin zancen mutane, kamar saƙon waya ko sharhi, inda babu alamar zance da za ta nuna iyaka. A nan `https?://[^\s<>"]+` mafari ne mai kyau: a ci gaba da ci har a gamu da sarari. Zai haɗo da ayar da ta rufe jimla ko waƙafi, sai ku datse su daga baya. Baka ta rufewa kuwa ku yi hattara da ita, domin adireshin Wikipedia da yawa da ita suke ƙarewa, kuma tasu ce. Ku ƙirga: in akwai bakar buɗewa a cikin adireshin da take jiran abokiyarta, ku bar ta, in babu, ta jimla ce, ku cire. Abin da ya rage bayan wannan shi za ku miƙa wa `URL` ko `urlsplit` su yanka.